Talla ta salula: tambayoyin da ƴan kasuwar Damagaram suka fi yi, da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi yawo a bakin masu sana'a a Zinder: masu butik a Kasuwar Dole, teloli, dukawa, masu alkaki da kilishi, da mata masu haɗa turaren wuta da humra a cikin gida. Na sama na wanda bai fara ba ne, na ƙasa kuma na wanda ya fara har ya ci karo da matsala. Inda wata amsa ta shafi wata, an nuna lambarta.

1. Ina da shago, ina da masu sayena tun da daɗewa. Me zai kai ni talla ta salula?

Alhaji, masu sayenka suna nan, amma iyalinsu sun koma duba kaya a salula kafin su fito. Matar da ke Karkada ko Garin Malam ba za ta biya kabu-kabu zuwa da dawowa ba don kawai ta ga ko atamfar da take so ta iso. So take ta gani tun tana ɗaki, ta ji kuɗin, sannan ta aiko yaro. Aikin da dillaliya ke yi na shiga gida-gida da ƙunshin kaya, shi salula ke yi maka, sai dai ita ba ta karɓar la'ada, kuma tana kai hoton kayanka har Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, cikin minti ɗaya.

2. Da wanne zan fara, WhatsApp, Facebook ko TikTok?

Fara da WhatsApp. Kusan duk mai babbar salula a garin nan yana da shi, wanda bai iya karatu ba yana aika vokal, kuma ko rezo ya yi rauni saƙo yana lallaɓawa ya wuce. A nan ne ake ƙulla ciniki, ko da a wani wuri aka fara ganin kayan.

Facebook amfaninsa shi ne wanda bai san ka ba ya same ka. Ka buɗe shafin kasuwanci dabam da shafinka na kanka, domin na kanka yana tsayawa a abokai 5.000, na kasuwanci kuwa ba shi da iyaka, kuma da shi ake yin talla na biya (duba tambaya ta 12). TikTok yana nuna bidiyonka ga mutanen da ba sa bin ka ma, shi ya sa ya dace da sana'ar da ake jin daɗin kallon yin ta: ɗinkin jaka, zanen lalle, shanyar kilishi, aikin babbar riga. Amma yana cin mega sosai, naka da na mai kallo. Kada ka buɗe duka a rana ɗaya. Guda ɗaya da kake kula da shi kullum ya fi huɗu da aka buɗe aka watsar.

3. Mene ne bambancin WhatsApp Business da wanda nake da shi?

Kyauta ne shi ma, kamfani ɗaya ne ya fito da shi a 2018 domin masu ƙananan sana'o'i. A ciki za ka sa sunan shago, inda yake, da lokacin buɗewa da rufewa. Akwai katalog mai ɗaukar kaya har 500, kowanne da hotonsa da kuɗinsa, don haka wanda ya ce "me da me kuke da shi?" sai ka tura masa katalog maimakon ka yi ta tura hotuna arba'in. Akwai saƙon maraba da ke tafiya da kansa, da saƙon "ba na kusa", da gajerun amsoshi da kake ajiyewa ka kira su da alamar /. Akwai kuma tambari mai launi da kake liƙa wa kowace hira: wanda ya biya, wanda ake bi bashi, wanda kayansa ke hanya.

Idan da hali, ka ware masa layi dabam da na gida. Kuma ka ɗauko shi daga Play Store, ka guji na jabu irin su GB WhatsApp da yara ke tura wa juna. Kamfanin yana rufe lambobin da ke amfani da su, ranar da aka rufe taka kuwa, da masu sayenka duka aka rufe.

4. Kullum ina ɗora kaya a sitatu, amma mutum talatin kawai ke gani. Me ya sa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan. Sitatu, wato hoto ko rubutun da kake ɗorawa a WhatsApp ya yi kwana ɗaya ya ɓace, ba ya zuwa wa kowa. Sai wanda ka ajiye lambarsa, shi ma ya ajiye taka, zai gani. In ɗaya ya ajiye ɗaya bai ajiye ba, babu abin da zai bayyana. Mutane da yawa suna ɗaukar watanni suna ɗorawa ba su san haka ba, suna zaton kasuwa ce ta ƙi.

Saboda haka babban aikinka yana bakin kanta ne. Mace ta sayi shadda, tana ƙirga canji, lokacin ne za ka ce: "Hajiya, ba ni lambarki in ajiye, ke ma ki ajiye tawa, duk ranar da sabon kaya ya sauka za ki gani tun kina gida." Ka kira ta nan take don lambarka ta fito, ka jira ta ajiye a gabanka. Kai kuma ka rubuta ta yadda za ka tuna: Hajiya Tudun Jamus shadda. Wata uku kana haka da kowane mai saye, za ka ga bambanci. Ka sa lambar a allon shago, a jikin leda, a kan kowane hoto. A Facebook da TikTok kuma ka sa mahaɗin da ke kai mutum hira kai tsaye: wa.me/227 sai lambobinka takwas a manne.

Akwai gurup-gurup na "ajiye tawa in ajiye taka" da ke cika wa mutum salula da ɗaruruwan lambobi a dare ɗaya. Adadin masu kallo zai hau, amma yawancinsu su ma masu talla ne, kowa jira yake a saya wurinsa. Mutum ɗari da suka taɓa ba ka kuɗinsu sun fi maka su nesa ba kusa ba.

5. In buɗe gurup ne, ko in riƙa aika wa kowa saƙonsa?

Gurup yana ɗaukar mutum har 1.024, amma kowa na ganin lambar kowa, kuma nan da nan yake cika da gaisuwar Juma'a da tallan wasu. In za ka buɗe, ka rufe shi ya zama kai kaɗai ke rubutu, kuma kada ka jefa mutum ciki ba da izininsa ba, musamman matar aure. Jerin aikawa, wanda salula mai Faransanci ke kira Diffusion, ya fi sirri: mutum 256 a jeri ɗaya, kowa saƙon zai same shi kamar shi kaɗai ka aika wa. Shi ma sai wanda ya ajiye lambarka yake samu, kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 4. Tashar WhatsApp da aka kawo a 2023 tana ɓoye lambobin mabiya, ta dace da sanarwa, amma ba wurin ciniki ba ce. Duk wanda ka zaɓa, ka sani in mutane da yawa suka toshe ka ko suka kai ƙararka saboda yawan saƙo, ana iya dakatar da lambar.

6. Salulata ƙarama ce. Yaya zan ɗauki hoton da zai ja mai saye?

Haske ya fi tsadar salula muhimmanci. Ka goge idon kyamara da gefen riga, domin ƙurar garin nan kaɗai ta isa ta dusashe hoto. Ka fito da kayan bakin ƙofa, cikin inuwa, da hantsi ko bayan la'asar. Ƙwan lantarki na cikin shago yana sauya launi, rana tsaka kuma tana ƙona shi. Ka shimfiɗa farin ƙyalle ko tabarma mai tsabta, kaya ɗaya a hoto ɗaya.

A ce jakar fata ce irin ta dukawan Damagaram. Hoto na farko gabanta. Na biyu a rataye a kafaɗa, don a gane girmanta. Na uku ka buɗe ta, ka matso da kyamara kan ɗinkin ciki da bakin zip, inda mai saye zai fara dubawa da a hannunsa take. Wannan na ukun shi ne yake sayarwa, kuma shi ne aka fi mantawa. Kada ka ƙara wa launi armashi, kada kuma ka ɗauko hoton wani shago daga intanet ka ce naka ne. Atamfar da ta fito ja a hoto ta iso ruwan goro, dawowa za ta yi, kuma da magana za ta dawo (duba tambaya ta 14).

7. Da wane harshe zan yi, Hausa ko Faransanci? Rubutu ko murya?

Harshen da kuke ciniki da shi a shago. A Zinder Hausa ce, kuma murya ta fi rubutu isa ga jama'a, don da yawa cikin masu kuɗin sayen ba su yi lakwal ba. Bidiyo gajere da muryarka a kai, sannan rubutu kaɗan: sunan kaya, kuɗi, lamba. In kana neman ma'aikata, ɗaliban Jami'ar André Salifou ko mutanen Yamai, ka ƙara layi ɗaya na Faransanci a ƙasa. Vokal kuwa kada ya wuce rabin minti. Sallama, amsar abin da aka tambaya, shi ke nan.

8. In rubuta kuɗin kaya a fili, ko in ce a same ni ta ciki?

Rubuta. Na san dalilin masu ɓoyewa: tsoron maƙwabci ya gani ya rage nasa, da kuma son a bar ƙofar tayi a buɗe. Amma maƙwabcinka ya riga ya san kuɗin kayanka, yaro ɗaya zai aiko ya tambaya. Wanda kake ɓoye wa shi ne mai saye mai kunya, wanda ba zai tambaya ba don gudun ya ji abin ya fi ƙarfinsa. Ƙofar tayi kuma ba ta rufe ba, kana iya ƙarawa da "akwai ragi ga mai sari".

Ka rubuta da lamba da harafin F, misali 7.500 F. A baki muna lissafi da dala da jika, dala ɗari ita ce 500 F, jika 1.000 F, amma a rubuce wanda ya ga "500" zai iya ɗauka dala ce ko faran. Mai kallo daga Daura ko Kano kuma naira zai ɗauka. In kana sayar wa mutanen Najeriya, ka tsayar da kuɗinka a sefa, ka faɗi na naira bisa canjin ranar da za a biya, tun da canji ba ya zama wuri ɗaya.

9. Sau nawa zan ɗora a rana, kuma da wane lokaci?

Uku zuwa biyar masu kyau sun isa. Wanda ya buɗe sitatunka ya ga layi ya zama ɗigo-ɗigo saboda yawa, wucewa zai yi. Yawanci an fi duba salula da safe kafin a fita, da lokacin hutun azahar, da bayan isha'i, amma WhatsApp yana nuna maka wa ya gani da ƙarfe nawa, sai ka bi na mutanenka.

Kalandar gari ta fi agogo tasiri. Daren Laraba ka nuna abin da zai kasance a shago ranar Alhamis, babbar ranar Kasuwar Dole. Kayan sallah tun farkon azumi ake nuna su, kafin teloli su daina karɓar ɗinki. Kayan ƴan makaranta cikin Satumba, kayan aure da na ɗaki bayan kaka lokacin da kuɗi ya shiga hannun manoma, sannan ƙarshen wata ga masu albashi. Kuma ba kullum "ku zo ku saya" ba. Wata rana ka nuna yadda ake bambance shadda mai kyau da ta bogi, ko yadda ake ajiye turare kada ƙamshi ya gudu a zafin Afrilu. Irin wannan ne mutane ke tura wa ƴan'uwansu.

10. Masu tambaya da yawa, masu saye kaɗan. Ina matsalar?

Fara duba tsawon lokacin da kake ɗauka kafin ka amsa. Wanda ya tambaye ka "nawa?" ya tambayi wasu biyu, kuma wanda ya riga amsawa shi ke da ciniki. In kana cikin aiki, ka bar saƙon "ba na kusa" ya faɗi lokacin da za ka dawo, ko ka danƙa wa amintaccen yaron shago.

Sai yadda kake amsawa. An yi maka sallama an tambayi kuɗi, ka rubuta "7.500" kawai, hira ta mutu. Ka amsa sallama, ka faɗi kuɗin, ka faɗi launukan da suka rage, ka tambaya: "A wace unguwa kike, Hajiya, a kawo miki ko za ki aiko?" Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, a salula ma haka ne. Wanda ya yi shiru, ka tuntuɓe shi sau ɗaya washegari. In bai amsa ba ka ƙyale shi, yana nan yana kallon sitatu, wata rana zai dawo.

11. Mai saye yana Agadas ko Difa. Wa zai fara sakin nasa, ni ko shi?

Sabon mai saye shi ke fara biya, ko duka ko kafin alƙalami da zai rufe kuɗin mota zuwa da dawowa. Hanyoyin biya suna da yawa: Nita, Amana, Al Izza, ko Airtel Money da makamantansu. Abu ɗaya ne ba a sassauci a kansa: hoton resi ba kuɗi ba ne. Ana iya ƙirƙirar sa, ana iya turo tsoho. Sai ka ga kuɗin a asusunka, ko ka karɓa a hannu, kaya zai bar shago. Haka wanda ya ce ya yi kuskure ya turo maka fiye da kima, ka maido masa ragowar: duba asusunka da kanka kafin ka maida ko dala.

Shi ma mai sayen tsoronka yake ji, kuma da gaskiyarsa. Ka ɗauki bidiyon kayan kana ɗaurewa, da sunansa a jikin kwali. In ka kai kamfanin mota, irin su Rimbo ko Sonef, ka tura masa hoton takardar koli, ka gaya masa ranar isa. Ku yi magana tun farko kan wanda zai biya kuɗin aike, da abin da za a yi in kaya bai yi ba. Cikin gari kuma ka riƙe ɗan kabu-kabu ɗaya ko biyu da ka san gidansu.

12. Ya dace in biya Facebook ya yaɗa mini talla?

Ya dace, amma ba a farko ba. Sai kana da hotuna masu kyau, da kuɗi a rubuce, da mai amsa saƙo da wuri, in ba haka ba kuɗinka zai kawo mutane su tarar ba kowa. Ana biya da katin banki irin Visa ko Mastercard. Lokacin tsarawa ka zaɓi Zinder da kewayenta, ko garuruwan da kake iya kai kaya kamar Mirya, Magarya, Matamai da Tanut. In ka bar shi a buɗe, zai nuna wa mutanen da ba za su taɓa saye ba. Ka zaɓi manufar samun saƙo ta WhatsApp, ba tara masu danna alamar so ba.

Fara da kuɗi kaɗan na kwana biyar zuwa bakwai, ka riƙe littafi. Duk sabon mai saye ka tambaye shi inda ya gan ka, ka rubuta. Ƙarshen mako ka lissafa: nawa ka kashe, mutum nawa suka yi magana, nawa suka biya, ribar ta rufe kuɗin talla da na mega? Wannan littafin shi zai gaya maka ka ci gaba ko ka tsaya, kuma yana da amfani ko ba ka biyan talla.

13. Masu mabiya da yawa a TikTok suna cewa in biya su yi mini talla. In yarda?

Ka tambayi abu biyu: mabiyansa a ina suke, kuma wane irin mutum jama'a suka ɗauke shi? Mai mabiya dubu ɗari da yawancinsu ke wata ƙasa ba zai sayar maka da alkaki ba. Ka ce ya nuna maka alƙaluman shafinsa, suna nuna ƙasashen masu kallo. Wanda aka sani da zage-zage kuma, sunan kayanka zai bi nasa. Sau da yawa mai kitso ko mai lalle da matan unguwa ke jin maganarta ta fi shi amfani, ka ba ta kaya ta gwada, ku yi yarjejeniyar la'ada kan duk wanda ta kawo. Sayen mabiya kuwa asarar kuɗi ce zalla, domin asusun bogi ne.

14. Wani ya fito fili ya ce kayana ba su da kyau. In goge, ko in rama?

Kada ka rama, kuma in ƙorafi ne na gaskiya kada ka goge. Ka amsa a fili da gajeren lafazi: ka ba da haƙuri, ka ce za ka kira shi don a gyara. Sauran maganar ku yi ta ciki, ka canza masa ko ka maida kuɗi. Masu karatu ba sa auna ka da rashin kuskure, suna kallon abin da ka yi bayan kuskuren. Zagi tsagwaronsa kuwa sai ka ɓoye shi ka toshe mai shi.

Ka kiyaye ɗora hoton wanda kake bi bashi ko lambarsa da sunan tona asiri. Nijar tana da dokar laifuffukan intanet tun 2019, kuma gyaran da aka yi mata a watan Yuni na 2024 ya maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta waɗannan kafafe. Bashi a bi shi ta hanyar manya, mai unguwa ko hukuma.

15. Ni mace ce, a gida nake sana'ata. Dole sai na nuna fuskata?

A'a, ƴar'uwa. Hannunki yana zuba humra a kwalba, da hayaƙin turare yana tashi daga kasko, da muryarki ko rubutu, sun wadatar. Ki ware layin sana'a, ki sa hoton kaya a madadin naki, ki rubuta lokutan da kike amsa saƙo. Baƙon da ba ki sani ba kada ki kwatanta masa gida, ki sa a haɗu da ɗan aike a wani shago sananne. Wanda ya kauce daga maganar kaya, ki toshe shi ba tare da dogon zance ba. Hoton amarya ko na wadda kika yi wa lalle ko ɗinki kuma, sai da izininta bayyananne kafin ki ɗora.

16. Ana sace WhatsApp ɗin mutane a riƙa karɓar kuɗi da sunansu. Yaya zan kare nawa?

Hanyar ɓarayin kusan ɗaya ce. Za a kira ka ko a rubuto, wani lokaci da lambar wanda ka sani wadda aka riga aka sace, a ce an tura maka wasu lambobi shida bisa kuskure, ko za a sa ka a gurup na tallafi, ka karanto su. Waɗannan lambobi shida su ne mabuɗin asusunka, ba a ba kowa su, ko da ya ce daga kamfanin yake. Tun yau ka shiga saituna ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa lambar sirri ta kanka da adireshin imel. Ka riƙa duba jerin na'urorin da ke haɗe da asusunka, ka cire wadda ba ka sani ba. Layin kuma ya kasance da sunanka aka yi masa rajista, kada ka bar shi ya daɗe ba a amfani da shi.

In an riga an sace, ka sake shigar da lambarka a WhatsApp, ka sa sabbin lambobin da za su zo ta SMS, wannan zai fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa lambar sirri tasa, za ka jira kwana 7 kafin ka shiga, amma shi ma ya riga ya fita. Kafin nan ka sanar a Facebook, ka kira manyan masu sayenka ɗaya bayan ɗaya, ka ce kada kowa ya tura kuɗi sai ya ji muryarka.